Yola Zuwa Maiduguri: Tafiyar Minti 50 Ta Koma Ta Yini Guda

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Nijeriya, ya ja layi miƙaƙƙe daga filin jirgin saman Yola zuwa na Maiduguri, zai tarar ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kimanin kilomita 300 ba, watau wajen mil 185. Jirgin sama mai farfela, irin wanda ke ɗaukar mutum 50 zuwa 70, yana iya cinye wannan rata cikin minti 45 zuwa 50. Amma ma'aikacin gwamnatin da aka kira taro daga Yola zuwa Maiduguri, da ɗalibin da hutunsa ya ƙare, da majiyyacin da likita ya tura babban asibiti, duk sun san cewa wannan lissafi a takarda kawai ya tsaya. A zahiri tafiyar takan ci yini guda cur, wani lokaci har da kwana a hanya, ko ta ƙasa aka bi ko ta sama.

Wannan al'amari ya cancanci a dube shi da idon basira, domin ba tsaunuka ko koguna ne suka nesanta garuruwan nan biyu ba. Tsarin sufuri ne ya nesanta su, shi kuwa tsari mutane ne suka yi shi, mutane ne kuma za su iya gyara shi.

Ya kamata tukuna a fahimci yadda ake lissafin lokacin tafiyar jirgin sama, gama mutane da yawa suna kuskure a nan. Babban jirgi mai injin jet, kamar Boeing 737, yana gudun kimanin kilomita 800 a awa guda bayan ya kai ƙololuwar tashinsa. Jirgi mai farfela kuwa, kamar ATR 72, gudunsa wajen kilomita 500 ne a awa. In ɗan makaranta ya raba kilomita 300 da waɗannan alƙaluma, zai sami kamar minti 23 ga na farko, minti 36 ga na biyu. Lissafin daidai ne, sai dai jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa, ba ya kuma ƙare ta da shi. Sai ya ɗauki lokaci yana hawa, sa'an nan ya fara sauka tun yana nesa da inda za shi, kana ya karkata ya daidaita da titin sauka bisa ga inda iska ke kaɗawa. A gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da sauka su ne ke cin mafi yawan lokacin. Saboda haka jet yakan buƙaci kamar minti 35 zuwa 40, mai farfela kuma minti 45 zuwa 50. Bambancin da ke tsakaninsu bai fi minti goma ba.

Ban da wannan kuma akwai lokacin da kamfanoni ke rubutawa a jadawali, wanda ake ƙirgawa tun daga sa'ad da jirgi ya motsa daga mazauninsa har ya tsaya cik a wancan filin. Wannan yakan ƙara minti 10 zuwa 15. Sa'an nan ga lokacin da ba a rubuta shi a ko'ina, watau zuwa filin jirgi awa guda ko fiye kafin tashi, da awon kaya, da binciken jami'an tsaro, da jiran kaya bayan an sauka. In an tara duka, mutumin da ya bar gidansa a Jimeta da ƙarfe 7 na safe ya kamata a ce kafin ƙarfe 10 yana zaune a ofis a Maiduguri. Wannan shi ne ma'aunin gaskiya na tafiya: daga ƙofar gida zuwa ƙofar inda aka nufa.

To, me ya hana haka? Jadawalin kamfanonin jiragen sama na ƙasar nan an gina shi ne a kan garuruwa biyu, Abuja da Ikko. Kusan kowane jirgi daga ɗayansu yake tasowa, can kuma yake komawa. Saboda haka mai son zuwa Maiduguri daga Yola ta sama galibi sai ya fara yin yamma zuwa Abuja, tafiyar kimanin kilomita 570, sa'an nan ya juyo ya yi arewa maso gabas wata tafiyar kimanin kilomita 710. Jimla kilomita 1,280 ke nan, watau fiye da ninki huɗu na ratar da ke tsakanin garuruwan. Zaman cikin jirgi kaɗai ya haura awa biyu. Tikiti biyu zai saya. In kamfanonin daban-daban ne, tilas ya karɓi kayansa a Abuja ya sake kai su awo, in kuwa na farko ya makara har na biyu ya tashi, babu wanda zai ɗauki alhakin asararsa. In jirgin Maiduguri ya riga ya tafi, sai ya nemi masauki ya kwana, ya ƙara kuɗin ɗaki da na mota a kan abin da ya riga ya kashe.

Mai karatu zai ce ai ga hanyar mota. Lalle akwai ta, ita ce kuma mafi yawan jama'a suka dogara da ita. Tsohuwar hanya, wadda ta bi ta Song da Gombi da Hong da Michika da Madagali, ta shiga Gwoza da Bama da Konduga, ta ɗan haura kilomita 400. A lokacin zaman lafiya direba kan tashi da safe ya yi sallar Azahar a Maiduguri. Amma a shekarar 1914 ba a san abin da zai faru bayan shekara ɗari ba, domin a 2014 'yan Boko Haram suka kama Gwoza da Bama da Madagali da Michika, har suka shiga Mubi, hanyar ta mutu ɗungum na tsawon lokaci. Sojoji sun ƙwato garuruwan, an kuma sake buɗe hanyar Maiduguri zuwa Bama a 2018, amma tsoro bai gama fita daga zukatan matafiya ba. Hanya ta biyu, wadda ta bi ta Garkida da Biu da Damboa, ita ma ta sha rufewa. Wannan ya sa direbobi da yawa suka koma zagaye ta Biu da Damaturu, ko ma ta Numan da Gombe da Potiskum da Damaturu, wadda ta haura kilomita 600. Ko ita ɗin ma ba ta kuɓuta ba. A watan Fabrairu na 2020 an kashe matafiya aƙalla 30 a Auno, kusa da Maiduguri, waɗanda dare ya riske su bayan an rufe ƙofar shiga gari. Jirgin ƙasa kuwa ba a maganarsa, gama layin dogon da ya isa Maiduguri a 1964 ya daɗe da daina aiki a wannan ɓangare, Yola kuma dogo bai taɓa zuwa can ba.

Abin da ya sa wannan nisa na dole ya fi ciwo shi ne garuruwan nan biyu ba baƙin juna ba ne. Daga 1967 zuwa 1976 a jiha ɗaya suke, watau Jihar Arewa maso Gabas, wadda hedkwatarta ke Maiduguri. A 1976 aka raba ta uku, Bauchi da Borno da Gongola, Yola ta zama hedkwatar Gongola. A 1991 aka raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba, aka kuma cire Yobe daga Borno, kana a 1996 aka cire Gombe daga Bauchi. Jiha guda ta zama shida, amma hulɗar jama'arta ba ta rabu ba. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ta yaye ɗimbin ma'aikatan da ke riƙe da ofisoshin Adamawa, har ila yau kuma 'ya'yansu na zuwa can neman ilmi. Asibitin koyarwa na wannan jami'a yana karɓar majiyyata daga dukan shiyyar. Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda aka sa hannu a kan dokar kafa ta a 2017, a Maiduguri hedkwatarta take. A ɗaya gefen kuma Yola tana da Jami'ar Modibbo Adama, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, da reshen Makarantar Horar da Lauyoyi, da Hukumar Raya Kogin Binuwai na Sama. Sa'ad da fitina ta yi tsanani a 2014, dubban mutanen kudancin Borno a Yola suka sami mafaka, waɗansunsu kuma can suka kafu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. In ƙafar ta yi nauyi, zumunta da ciniki da aikin gwamnati duk sai su raunana.

Abin mamaki kuma, wannan yanki yana cikin na farko da suka ga jirgin sama a ƙasar nan. A 1925 jiragen sojan saman Ingila suka taso daga Masar, suka ratso Sudan, suka sauka Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Khartoum zuwa Kano, Maiduguri kuwa tana cikin zangunansa. Bayan an kafa Nigeria Airways a 1958, kamfanin ya sayo ƙananan jiragen Fokker F27 masu farfela, waɗanda ke ɗaukar mutum wajen 40, ya riƙa bi da su gari-gari, jirgi ɗaya yana ya da zango a garuruwa da dama kafin ya koma gida. Kamfanin yana da nasa aibobi masu yawa, bashi da rashin iya riƙo suka kai shi ƙasa a 2003. Amma yana da wani nauyi a wuyansa wanda magadansa ba su da shi, watau haɗa sassan ƙasa ko da hanyar ba ta kawo riba mai yawa. Da ya mutu, wannan nauyi ya faɗi ƙasa, babu wanda ya ɗauka.

Ba daidai ba ne a ɗora wa kamfanonin 'yan kasuwa laifin duka. Ɗan kasuwa inda riba take nan yake zuwa, gajeriyar tafiya kuwa tana da tsada a sana'ar jirgin sama. Jirgi ya fi shan mai lokacin tashi da hawa. Kuɗin sauka da na ma'aikatan ƙasa sai an biya su ko tafiyar ta kilomita 300 ce ko ta 1,000. Waɗansu sassan jirgi kuma, kamar tayoyi da birki, da yawan sauka ake auna lalacewarsu. Saboda haka kuɗin kowace kilomita ya fi yawa a gajeriyar hanya. Bugu da ƙari, yawancin jiragen da kamfanonin ƙasar nan suka daɗe suna aiki da su manya ne, masu kujeru fiye da 100. Wanda ya sa irin wannan jirgi tsakanin Yola da Maiduguri ya sami fasinja 30, ya san asara ya ɗauko. Ga tsadar man jirgi, wadda ta yi tashin gwauron zabo a 2022, ga kayan gyara da ake saya da kuɗin ƙasashen waje. Ga kuma hazon hunturu, wanda iska ke kwasowa daga hamadar Chadi tsakanin Disamba da Fabrairu, ya rufe sararin sama har a soke tashi. Waɗansu ƙananan filayen ƙasar nan ma ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana, don rashin isassun fitilu da na'urorin sauka, jirgin da ya makara da la'asar kuwa sai gobe.

Duk da haka akwai shaidar cewa hanyar tana biyuwa. Tun daga 2015 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa tafiyar da wani ƙaramin jirgi wanda ke haɗa Abuja da Maiduguri da Yola, don jigilar ma'aikatan agaji. A watan Satumba na 2025 Majalisar ta ba da sanarwar dakatar da shi saboda ƙarancin kuɗi. Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, ƙaramin jirgi mai tsayayyen jadawali yana iya aiki a wannan shiyya shekara da shekaru. Na biyu, abin da aka jingina a kan taimakon waje, ranar da mai taimako ya janye hannunsa ranar yake faɗuwa.

A cikin shekaru ashirin da suka wuce jihohin Arewa da dama sun kashe maƙudan kuɗi wajen gina filayen jiragen sama. An yi a Gombe, an yi a Katsina, an yi a Dutse da Bauchi da Birnin Kebbi da Jalingo da Damaturu. Kowane an buɗe shi da kaɗe-kaɗe da jawabai. Amma fili ba ya kai kowa ko'ina sai da jirgi, yawancinsu kuwa in an cire jigilar alhazai da saukar manyan baƙi, abin da ya rage bai wuce jirgin Abuja ko na Ikko ba, waɗansu ma ko shi babu. An gina tashoshi, an manta da hanyar da za ta haɗa su. Gwamnonin jihohi shida na Arewa maso Gabas, waɗanda suka kafa taronsu a 2020, sun sha ambaton niyyarsu ta kafa kamfanin jiragen sama na haɗin guiwa. Niyyar tana da kyau, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai ya wajaba a yi hattara, kada a maimaita abin da ya kashe Nigeria Airways, inda jirgin jama'a ya zama na manya, a tsai da shi don jiran wani, a cika shi da waɗanda ba su biya ba.

Waɗansu ƙasashe sun fuskanci irin wannan matsala, sun kuma sami dabara. A 1978, sa'ad da Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragenta mara su zaɓi hanyoyin da suke so, ta kafa wani shiri na biyan tallafi ga kamfanin da ya yarda ya ci gaba da zuwa ƙananan garuruwa. Indiya ta fito da nata shirin a 2016, mai suna UDAN, inda kamfanoni ke takarar neman hanya, gwamnati ta ƙayyade kuɗin rabin kujerun jirgi, ta cike giɓin da ya rage na tsawon shekara uku. An buɗe hanyoyi masu yawa ta haka, ko da yake da dama daga cikinsu sun mutu bayan tallafi ya ƙare. Abin koyi a nan shi ne gwamnati ba sai ta mallaki jirgi ba kafin jama'arta su sami jirgi. Tana iya sayen aikin, ta bar sana'ar ga masu ita.

Bisa ga wannan, akwai matakai huɗu da ya kamata a ɗauka. Na farko, a ƙirga matafiya kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya. Ma'aikatun sufuri na Adamawa da Borno, tare da jami'o'in garuruwan biyu, suna iya binciko yawan mutanen da ke kai da komowa kowane mako, da dalilin tafiyarsu, da abin da za su iya biya. Wannan aiki ne da ɗalibai za su iya yi cikin zango guda na karatu, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Na biyu, a zaɓi jirgi daidai da hanya. Tun da yake minti goma ne kacal tsakanin jet da mai farfela, babu hujjar ɗauko babban jirgi mai shan mai don a burge jama'a. Jirgi guda mai kujeru 50, ko ƙasa da haka, yana iya zagaya Yola da Maiduguri da Gombe da Bauchi da Jalingo a yini ɗaya.

Na uku, a ba da hanyar ta takara a fili. Kamfanin da ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta, ya kuma cika sharuɗɗan Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, shi za a ba. A rubuta ranakun tashi da lokutansa a cikin yarjejeniya, a yanke masa tara duk ran da ya soke tashi ba tare da dalilin yanayi ko tsaro ba, a kuma bayyana wa Majalisun Dokoki abin da aka biya kowace shekara. Jirgin da ke tashi sau uku a mako ba fashi ya fi amfani bisa wanda aka ce kullum ne amma ba a san ranar da zai zo ba. Wani ɓangare na kuɗin ma yana nan a cikin kasafi, domin abin da ake biyan ma'aikata na tikiti biyu da kwanan Abuja yana iya komawa sayen kujeru a jirgin da zai kai su kai tsaye. Na huɗu, Gwamnatin Tarayya, wadda filayen Yola da Maiduguri ke hannunta, ta tabbatar da fitilu da na'urorin sauka suna aiki ba yankewa, ta kuma rage kuɗin sauka ga ƙananan jiragen da ke haɗa jihohi maƙwabta.

Akwai mai cewa wannan duk hidimar masu hali ce, talaka ba ya hawa jirgi. Maganarsa tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. A 2024 aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000 a wata, a shekarar kuwa tikitin tafiyar awa guda sau da yawa yakan haura Naira 100,000. Ƙaramin ma'aikaci da ɗalibi da mai kai kifi kasuwa a mota za su ci gaba da tafiya, ko an kawo jirgi ko ba a kawo ba. Saboda haka duk Nairar da za a ba jirgi tallafi, kada ta fito daga kuɗin gyaran hanya ko na tsaronta. Hanyar Gwoza da ta Damboa su ne haƙƙin mafi yawan jama'a, su ne kuma ya kamata su zo gaba. Amma talaka ma yana da rabo a jirgin da bai hau ba. Likitan da zai iya zuwa Yola da safe ya yi tiyata ya koma Maiduguri da yamma, da malamin jami'ar da zai duba jarrabawar ɗalibai ba tare da ya rasa mako guda ba, da magani ko jinin da ake buƙata da gaggawa, duk amfaninsu a kan talaka yake sauka. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, ta nuna yadda awa guda ke da daraja ran da masifa ta zo. In kuwa za a ba da tallafi, adalci ne a ware waɗansu kujeru masu rangwame ga ɗalibai da majiyyatan da asibiti ya tura, a kuma tsare su daga hannun masu alfarma.

Ratar da ke tsakanin Yola da Maiduguri tana nan yadda Allah ya ajiye ta, kilomita 300, ba ta ƙaru ba tun da aka kafa garuruwan. Lokacin tafiyar ne ya ƙaru, wannan kuwa yana hannun hukuma. Jama'ar Adamawa da Borno ba su buƙatar a sake nuna musu zanen wani sabon fili ko hoton jirgin da za a saya. Abin da suke jira shi ne jadawali a manne a ƙofar filin jirgi, mai rana da lokaci da kuɗin da aka sani, da hanyar mota wadda mutum zai bi ya isa gida kafin magariba hankalinsa kwance. Ran da aka sami waɗannan biyu, ran nan ne za a ce an yi aiki. Allah ya ba shugabanni ikon cika alkawari, ya kuma kiyaye matafiya a duk inda suka nufa.